BABI NA UKU: FAƊUWAR SARAUTAR FOTUGAL A 1910 DA GADON DA TA BARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda gidan sarautar Baraganza ya riƙe ƙasar Fotugal tun daga shekarar 1640, da yadda ikon sarki ya ragu bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1834, har ya zamana majalisa da ministoci ne suke tafiyar da al'amuran yau da kullum. A wannan babi kuwa za a duba yadda aka tumɓuke sarautar baki ɗaya ran 5 ga watan Oktoba na shekarar 1910, da kuma abin da ya biyo baya. Abin da mai nazari yake son ya nuna shi ne, batun ƙasashen Afirka da Fotugal ta mallaka yana cikin manyan dalilan da suka kayar da sarki, kuma wannan batu ne ya zame wa gwamnatocin da suka gaje shi ƙarfen ƙafa har zuwa shekarar 1974.

3.1 Takardar Wa'adin Ingila

Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, gwamnatin Fotugal ta fitar da wata taswira wadda aka shafa wa launin ruwan hoda tun daga Angola a gaɓar yamma har zuwa Mozambik a gaɓar gabas. Manufarta ita ce duk ƙasar da ke tsakani, wato inda Zambiya da Zimbabuwe da Malawi suke a yau, ta Fotugal ce. Wannan buri ya ci karo da na Ingila, musamman na Cecil Rhodes wanda yake mafarkin haɗa mallakar Ingila daga kudancin Afirka har zuwa Alƙahira. Saboda haka ran 11 ga Janairu, 1890, gwamnatin Lord Salisbury ta aike wa Lisbon takardar wa'adi cewa ta janye sojojinta daga waɗannan yankuna ba tare da ɓata lokaci ba, in kuwa ba haka ba jakadan Ingila zai tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Fotugal ba ta da ƙarfin ja da Ingila a teku ko a tudu, don haka ta miƙa wuya nan take.

A lokacin Sarki Karlos na ɗaya bai cika wata uku bisa gado ba. Duk da cewa ministoci ne suka yanke shawarar, a kansa laifin ya faɗa, domin mutane suna ganin gidan sarauta ya fi kusa da dangoginsa na Ingila a kan talakawansa. Jama'a suka cika titunan Lisbon, aka lulluɓe mutum-mutumin mawaƙinsu Camões da baƙin ƙyalle alamar makoki, gwamnati ta faɗi. A cikin wannan zafin ne Henrique Lopes de Mendonça ya rubuta waƙar da Alfredo Keil ya sa wa kiɗa, wadda daga baya ta zama taken ƙasar. Haka kuma aka buɗe asusun taimako na ƙasa don a sayi jiragen ruwan yaƙi, kuma da kuɗin wannan asusu ne aka ƙera jirgin da aka sa wa suna Adamastor. Yana da kyau mai karatu ya riƙe sunan wannan jirgi, domin zai sake fitowa a gaba.

Kafin wannan lokaci jam'iyyar 'yan jamhuriya ƙaramar ƙungiya ce ta lauyoyi da likitoci da 'yan jarida. Takardar wa'adin ce ta ba ta makamin da take nema, wato ta ce sarauta ta kasa kare martabar ƙasa, kuma jamhuriya ce kaɗai za ta iya. Misalin Barazil, wadda ta sauke sarkinta a watan Nuwamba na 1889, ya ƙara musu ƙarfin guiwa. Ran 31 ga Janairu, 1891, wasu saje-saje da kurata suka yi bore a birnin Porto suka shelanta jamhuriya, amma ba a yini ba aka murƙushe su. Shekara guda bayan haka, a 1892, baitulmalin ƙasar ya kasa biyan bashin da ake binsa a waje yadda aka yi alkawari.

3.2 Kisan Sarki Karlos

Tsarin siyasar wannan zamani na karɓa-karɓa ne tsakanin manyan jam'iyyu biyu. Sarki ne zai naɗa firayim minista, sa'an nan firayim ministan ya shirya zaɓe, masu faɗa a ji na ƙauyuka kuma su kawo masa ƙuri'un mutanensu. Ke nan gwamnati ce take haifar da majalisa, maimakon majalisa ta haifar da gwamnati. Da jam'iyyun biyu suka rarrabu gida-gida, sai Karlos ya ɗauko João Franco a 1906 ya damƙa masa gwamnati, kuma a watan Mayu na 1907 ya yarda aka rushe majalisa, Franco ya ci gaba da mulki da dokokin da yake zartarwa shi kaɗai. Daɗin daɗawa, sai ga maganar kuɗin da gwamnatoci suka daɗe suna ranta wa fada a ɓoye ta fito fili, Franco kuma ya warware ta da doka ta hanyar da ta yi wa fada daɗi. A nan ne sarki ya yi babban kuskure, domin ya sauko daga matsayin uban kowa ya shiga sahun wani ɓangare.

Ran 28 ga Janairu, 1908, aka tona asirin wani yunƙurin juyin mulki, aka kama shugabannin 'yan jamhuriya. Bayan kwana uku sarki ya sa hannu a dokar da ta ba da damar a kori irin waɗannan mutane zuwa ƙasashen mallaka ba tare da cikakkiyar shari'a ba. Washegari, wato 1 ga Fabrairu, iyalin sarki suka dawo Lisbon daga gidansu na Vila Viçosa, suka shiga buɗaɗɗen keken doki. Suna ratsa dandalin da ke bakin kogi sai Manuel Buíça, wani malamin makaranta kuma tsohon saje, da Alfredo Costa, wani ma'aikacin kanti, suka buɗe musu wuta. Sarki ya mutu nan take, magajinsa Luís Filipe mai shekara 20 ya cika jim kaɗan bayan haka, ƙaramin ɗan kuma, Manuwel, ya sami rauni a hannu. An kashe maharan biyu a wurin. Abin da ya fi nuna yadda sarauta ta zube a idon mutanen birni shi ne tururuwar da aka riƙa yi zuwa kaburburan maharan ana ajiye furanni.

Manuwel na biyu ya hau gado yana da shekara 18, ba a kuma taɓa shirya shi don sarauta ba. Ya sallami Franco ya nemi sulhu da kowa, amma cikin shekara biyu da wata takwas ya yi gwamnatoci shida. A watan Nuwamba na 1908 'yan jamhuriya suka lashe majalisar birnin Lisbon, a zaɓen Agusta na 1910 kuma suka sami kujeru 14 a majalisar ƙasa, goma daga ciki a Lisbon. Wannan adadi ya nuna ƙarfinsu, ya kuma nuna iyakarsa: su ne da babban birni, amma karkara ba tasu ba ce.

3.3 Kwana Uku a Lisbon

Juyin mulkin ya faro ne da rashin sa'a. Ran 3 ga Oktoba wani mai taɓin hankali ya harbe Dokta Miguel Bombarda, shugaban ɓangaren farar hula na shirin. Da dare, lokacin da sarki yake cin abinci tare da Hermes da Fonseca, zaɓaɓɓen shugaban Barazil da ya kawo ziyara, aka ba da umarnin a tashi. Yawancin barikokin da aka dogara da su ba su motsa ba. Shugaban ɓangaren soja, Admiral Cândido dos Reis, ya ɗauka komai ya lalace, aka tsinci gawarsa da asuba, kuma abin da aka fi yarda da shi shi ne kashe kansa ya yi. Manyan hafsoshin da suka fito suka yi shawara suka watse zuwa gidajensu.

Wanda ya ƙi tafiya shi ne Machado Santos, ƙaramin hafsan sojan ruwa mai kula da kayan abinci da kuɗi, kuma jigo a ƙungiyar asirin nan ta Karbonariya. Ya kafa sansani a shataletalen Rotunda da 'yan ɗaruruwan kurata da saje-saje da farar hula, da 'yan igwogi. A ɓangaren sarki akwai sojoji da suka ninka nasa sau da yawa, amma in ban da Paiva Couceiro, wanda ya yi suna a yaƙe-yaƙen Afirka, babu hafsan da ya yi faɗa da zuciya ɗaya. Ran 4 ga wata jiragen ruwan yaƙi biyu da suka koma ɓangaren 'yan tawaye, São Rafael da Adamastor, suka yi ta luguden wuta a kan fadar Necessidades. Wato jirgin da talakawa suka saya da kuɗinsu don huce haushin 1890, shi ne ya kori sarki daga gidansa. Manuwel ya nufi Mafra, washegari ya shiga jirgin ruwan fada a gaɓar Ericeira tare da mahaifiyarsa da kakarsa, suka sauka a Jibiralta, daga can ya wuce Ingila.

Yadda faɗan ya ƙare ma abin dariya ne. Da safiyar 5 ga wata wani jami'in ofishin jakadancin Jamus ya fito da farar tuta yana neman a tsagaita wuta don baƙi su fice. Jama'a suka ɗauka sojojin sarki ne suka miƙa wuya, suka kwararo titi suna murna suna rungumar sojoji, har ya zamana babu wanda zai iya ba da umarnin harbi. A wannan safiya José Relvas ya hau benen majalisar birni ya shelanta jamhuriya, aka naɗa Farfesa Teófilo Braga shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya. Waɗanda suka mutu ba su kai ɗari ba. Sauran garuruwan ƙasar ta wayar tangaraho suka ji labari, kuma babu inda aka tashi don kare sarautar da ta haura shekara 770.

3.4 Jamhuriyar da Take Tsoron Ƙuri'a

Sabuwar gwamnati ta yi aiki da sauri. Ta canza tuta daga shuɗi da fari zuwa kore da ja, ta kawo kuɗin eskudo, ta kafa jami'o'i a Lisbon da Porto a 1911, ta halatta sakin aure da yajin aiki, ta mai da rajistar haihuwa da aure da mutuwa hannun hukuma. Tsarin mulkin Agusta na 1911 ya ba majalisa ikon zaɓen shugaban ƙasa, aka zaɓi Manuel de Arriaga. Sai dai inda ta fi zafafawa shi ne a kan Cocin Katolika. Ministan shari'a Afonso Costa ya kori 'yan ɗariƙar Jesuit tun a makon farko, ya rufe gidajen masu zaman ibada, sa'an nan ran 20 ga Afrilu, 1911, ya fitar da dokar raba coci da hukuma wadda ta mai da dukiyar coci ta gwamnati, ta hana limamai sa rigunansu a titi. Fafaroma Pius na goma ya yi tir da dokar, gwamnati kuma ta kori bishop-bishop daga garuruwansu. A ƙasar da galibin mutanenta manoma ne masu riƙo da addini, wannan mataki ya mai da ƙauyuka, musamman na arewa, abokan gaban jamhuriya.

Su ma shugabannin sun san da haka, shi ya sa suka saɓa alkawarin da suka daɗe suna yi na ba kowa ƙuri'a. A zaɓen Mayu na 1911 wata likita, Carolina Beatriz Ângelo, ta kafa hujja da cewa doka ta ba magidanta damar zaɓe, ita kuwa mijinta ya rasu, ita take riƙe da gida, kotu ta ba ta gaskiya ta jefa ƙuri'a. Dokar zaɓe ta 1913 ta toshe wannan ƙofa, ta ce sai namiji, kuma sai wanda ya iya karatu da rubutu. A lokacin kusan mutum bakwai cikin goma ba su iya ba. A ganin mai nazari, daga nan ne jamhuriyar ta rasa hujjarta a gida, domin ta dawo da irin ƙuntataccen zaɓen da ta zargi sarauta da shi. Jam'iyyar ta dare gida uku a 1912, ɓangaren Afonso Costa ya riƙe na'urar zaɓe yana lashe kusan kowane zaɓe, sauran kuma da suka ga ba za su kayar da shi da akwati ba sai suka koma ƙwanƙwasa ƙofar bariki, kamar yadda aka yi a 1910.

3.5 Afirka da Yaƙin Duniya

Tun da 'yan jamhuriya sun hau mulki ne da zargin sarki ya yi sakaci da Afirka, ba su da halin sakin ko taƙi ɗaya. Suka kafa ma'aikatar ƙasashen mallaka ta musamman a 1911. Ga mutanen Angola da Mozambik da Gini kuwa, tsugune ba ta ƙare ba, domin dokar 1899 wadda ta wajabta wa baƙar fata yin aiki ta ci gaba da sabon gyara, kuma yaƙe-yaƙen da Turawa suke kira na kwantar da tarzoma sun ƙara tsananta. A Gini, Teixeira Pinto ya yi ta kai hare-hare daga 1913 zuwa 1915. A kudancin Angola aka karya Sarki Mandume na Kwanyama a 1915, ya mutu a 1917, shekarar da mutanen Barue na Mozambik suka yi bore saboda aikin tilas da kamun 'yan dako.

Tsoron rasa waɗannan ƙasashe yana da tushe, domin Ingila da Jamus sun yi yarjejeniyar sirri a 1898, suka sabunta ta a 1913, a kan yadda za su raba su in Fotugal ta durƙushe. Afonso Costa da mutanensa suka ga cewa hanyar samun kujera a teburin sulhu ita ce shiga yaƙin duniya na farko. A watan Fabrairu na 1916 Fotugal ta ƙwace jiragen ruwan Jamus da ke tashoshinta bisa roƙon Ingila, Jamus kuma ta shelanta yaƙi ran 9 ga Maris. Aka tura sojoji sama da 50,000 zuwa Faransa, inda Jamusawa suka yi musu mummunar ɓarna a yaƙin La Lys ran 9 ga Afrilu, 1918. Ƙasashen mallakar sun tsira, amma a gida abinci ya yi tsada, darajar kuɗi ta zube, hafsoshi kuma suka ƙullaci 'yan siyasar da suka jefa su yaƙi ba shiri.

Abin da ya biyo baya jini ne. Sidónio Pais ya ƙwace mulki a Disamba na 1917, aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Rossio bayan shekara guda. Paiva Couceiro ya shelanta dawo da sarauta a Porto a Janairu na 1919, abin bai kai wata guda ba. A daren 19 ga Oktoba, 1921, wasu sojojin ruwa da 'yan bindiga suka bi gida-gida da mota suna ɗaukar mutane, suka kashe firayim minista António Granjo, suka kashe Machado Santos, wato mutumin da ya tsaya a Rotunda. Cikin shekara 16 aka yi gwamnatoci 45 da shugabannin ƙasa takwas, ɗaya ne kawai daga cikinsu, António José de Almeida, ya cika wa'adinsa. Ran 28 ga Mayu, 1926, Janar Gomes da Costa ya taso daga Braga ya nufi Lisbon ba wanda ya tare shi. Wanda ya jagoranci juyin a babban birni shi ne Mendes Cabeçadas, hafsan da ya riƙe jirgin Adamastor a 1910.

3.6 Salazar da Gadon 1910

Magoya bayan sarauta sun yi zaton lokacinsu ya zo, musamman da António Salazar, malamin jami'ar Coimbra kuma ɗan gwagwarmayar Katolika, ya karɓi ma'aikatar kuɗi a 1928. Manuwel na biyu ya rasu a Twickenham ta Ingila ran 2 ga Yuli, 1932, bai bar ɗa ba, bayan kwana uku kuma Salazar ya zama firayim minista. Ya sa aka kawo gawar Lisbon aka yi mata jana'izar girma, amma tsarin mulkinsa na 1933 ya bar ƙasar a matsayin jamhuriya, da tutarta da takenta na 1910. Ya shirya da coci ta yarjejeniyar 1940, ba tare da ya mai da Katolika addinin hukuma ba. A 1950 aka soke dokar da ta hana zuriyar sarauta shiga ƙasar, amma da Shugaba Carmona ya rasu a 1951 wasu suka kawo shawarar a naɗa sarki, Salazar ya kau da kai aka ɗora wani janar. Dalilin a fili yake: sojojin da suke riƙe da shi yawancinsu 'yan jamhuriya ne, kuma shi kansa ba ya bukatar wani a samansa.

Abin da ya ɗauka ɗungurungum daga hannun mutanen 1910 shi ne aƙidar cewa Fotugal ba za ta rayu ba in babu Afirka. Ya rubuta ta a Dokar Ƙasashen Mallaka ta 1930, a 1951 kuma ya canza musu suna zuwa lardunan ƙetare don ya kauce wa masu cewa a ba su 'yanci. Ko tsofaffin 'yan jamhuriyar da suka yi adawa da shi ba su saɓa masa a wannan batu ba. Janar Norton de Matos, wanda 'yan adawa suka tsayar takarar shugaban ƙasa a 1949, tsohon gwamnan Angola ne mai tsananin kishin mulkin mallaka. Saboda haka lokacin da Ingila da Faransa suke sauke tutocinsu, Fotugal ta ƙi sakin ko ɗan ƙaramin sansaninta na Wida a Dahome, sai da aka kore ta a 1961. Yaƙi ya ɓarke a Angola a wannan shekara, a Gini a 1963, a Mozambik a 1964. Nijeriya ma ta ɗanɗani wannan siyasa, domin a lokacin yaƙin basasa Lisbon da tsibirin Sawo Tome sun zama mashigar jiragen da suke kai kaya Biyafara.

Ƙananan hafsoshin da suka gaji da wannan yaƙi ne suka kifar da magajin Salazar, Marcelo Caetano, ran 25 ga Afrilu, 1974, kuma kafin ƙarshen 1975 duk ƙasashen Afirka biyar sun sami 'yanci. A zaɓen Afrilu na 1975 ne aka fara ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, mai karatu da marar karatu, wato shekara 65 bayan shelar José Relvas. Tsarin mulkin 1976 ya jera wasu abubuwa da ya ce duk gyaran da za a yi masa tilas ya kiyaye su, kuma tsarin jamhuriya yana cikin jerin. Wata ƙaramar jam'iyyar 'yan sarauta ta shiga ƙawancen da ya ci zaɓen 1979, amma ba ta iya taɓa wannan sashe ba. A 2013, lokacin tsuke bakin aljihu, gwamnati ta dakatar da hutun ranar 5 ga Oktoba tare da wasu hutuka uku, gwamnatin da ta biyo baya kuma ta dawo da shi a 2016.